Ƙungiyar da ta ƙare a ƙasan tebur a NFL: ta fara ɗaukar kwatabak ko ta fara gina layi?

Mai Bibiyar Wasa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka daɗe suna bin NFL ce, wato babbar gasar ƙwallon Amurka, musamman masu fahimtar ɓangaren kwantiragi da kuɗi. A ƙwallon ƙafa na Turai mun saba ganin attajiri ya sayi ƙungiya, ya zuba dukiya, cikin 'yan shekaru ta fara ɗaga kofuna. A ƙwallon Amurka kuwa na lura cewa dukkan ƙungiyoyi 32 suna ƙarƙashin iyakar albashi guda ɗaya, wadda ta kai dala miliyan 279.2 a kakar 2025, kuma daga cikin wannan adadin ne kowace ƙungiya za ta biya 'yan wasanta 53 da na ajiya da waɗanda suka ji rauni.

To a ɗauka wata ƙungiya ta yi mummunar kaka, ta ci wasa uku ko huɗu cikin 17, saboda haka ta samu gurbi na farko ko na biyu a zaɓen matasan da ke fitowa daga jami'o'i, kuma tana da sarari a kasafinta. Ba ta da kwatabak na kirki, wato ɗan wasan da ke jagorantar farmaki yana jefa ƙwallo, layin da ke kare shi ya lalace, masu tsaron bayanta ma ba abin a zo a gani ba ne. Da me ya kamata babban manajanta ya fara? Na ji masu cewa a ɗauki kwatabak nan take domin shi ne ginshiƙin komai, na kuma ji masu cewa jefa yaro ɗan shekara 22 a bayan layin da ba ya iya tare kowa zalunci ne da asarar gurbi. Ina son jin hujja daga ɓangarorin biyu.

Malam Lissafi:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ra'ayina shi ne a ɗauki kwatabak, kuma babban dalilina yana cikin yarjejeniyar da aka ƙulla tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa a 2011. Kafin wannan shekara, yaron da aka ɗauka a gurbi na farko yakan karɓi albashin manyan taurari tun bai taka fili ba. Sam Bradford, wanda Rams ta ɗauka a 2010, ya sa hannu a kwantiragin shekara shida na dala miliyan 78, kuma miliyan 50 daga ciki tabbatattu ne ko ya buga ko bai buga ba. Shekara guda bayan haka, da sabon tsarin ya fara aiki, Cam Newton ya shigo ta wannan gurbi na farko amma ya samu kusan miliyan 22 a shekara huɗu. Tun daga lokacin, albashin sabon shiga ƙayyadadde ne gwargwadon gurbin da aka ɗauke shi, kwantiraginsa na shekara huɗu ne, kuma idan a zagaye na farko aka ɗauke shi ƙungiya tana da zaɓin riƙe shi shekara ta biyar.

Yanzu ka dubi tazarar. Kwatabak Dak Prescott ya sa hannu da Dallas a 2024 a kan miliyan 60 a shekara. A wannan shekarar Caleb Williams, wanda Chicago ta ɗauka a gurbi na farko, ya samu kusan miliyan 39.5 na duka shekaru huɗun, wato ƙasa da miliyan 10 a shekara. Bambancin miliyan 50 ɗin nan ya isa ya ɗauko gogaggen mai farautar kwatabak da gogaggen mai cafe ƙwallo da mutum ɗaya ko biyu na layin gaba. Idan yaron ya yi kyau, ƙungiyar ta samu wa'adin shekara huɗu ko biyar da take riƙe da matsayi mafi tsada a kan farashi mai rahusa.

Seattle ta ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na ɗaukar kofin gasar, a farkon 2014 da Russell Wilson yana kan albashin ɗan zagaye na uku. Kansas City ta ci nata a farkon 2020 kafin Patrick Mahomes ya sa hannu a kwantiraginsa na shekara goma na miliyan 450. Cincinnati ta kai wasan ƙarshe a shekarar Joe Burrow ta biyu. Misalin da ya fi fito da batun fili shi ne San Francisco da Brock Purdy, wanda aka ɗauka a gurbi na 262, na ƙarshe a zaɓen 2022, yana karɓar ƙasa da miliyan ɗaya a shekara, alhali ƙungiyar tana biyan Nick Bosa da Trent Williams da Fred Warner da George Kittle da Christian McCaffrey manyan kuɗaɗe a lokaci guda. Da lokacin biyan Purdy ya zo a 2025, aka ba shi miliyan 265 na shekara biyar, kuma kafin a sa hannu ƙungiyar ta riga ta rabu da Deebo Samuel da Dre Greenlaw da Talanoa Hufanga da Charvarius Ward.

Akwai kuma wani dalili da masu cewa a jira ba sa son tattaunawa a kai. Idan ka gina layi da tsaron baya tukuna, za ka fara cin wasa bakwai ko takwas a kaka, sai gurbinka ya koma tsakiyar zagaye, inda nagartattun kwatabak sun riga sun ƙare kafin a zo kanka. Daga nan sai dai ka biya gurabe na shekaru masu zuwa domin ka hauro, ko ka ɗauki tsohon da wata ƙungiya ta gaji da shi.

Gwanar Tsaro:

Malam Lissafi, lissafinka daidai ne, amma misalan da ka kawo sun fi goyon bayan ɗaya ɓangaren. Mahomes bai faɗa cikin rusasshiyar ƙungiya ba. Kansas City tana zuwa wasannin sili-ɗaya-ƙwale da Alex Smith, tana da Travis Kelce da Tyreek Hill da Andy Reid a matsayin koci, sannan ta hauro daga gurbi na 27 zuwa na 10 a 2017 ta ɗauke shi, ya kuma shafe kusan duk shekararsa ta farko a benci yana koyo. Wilson ya tarar da Earl Thomas da Kam Chancellor da Richard Sherman suna jiransa, kuma biyu na ƙarshen nan a zagaye na biyar aka tsince su. Purdy ma gida ginanne ya shiga. A duka ukun, ƙungiyar ce ta riga kwatabak zuwa.

Waɗanda aka jefa cikin kango kuwa labarinsu daban ne. David Carr, gurbi na farko a 2002 kuma kwatabak na farko a tarihin Houston Texans, an kayar da shi sau 76 kafin ya jefa ƙwallo a kakarsa ta farko, adadin da har yanzu ba a wuce ba, kuma bai taɓa zama abin da aka yi zato ba. Andrew Luck ya fi shi baiwa nesa ba kusa ba, ya kai Indianapolis wasannin sili-ɗaya-ƙwale tun shekararsa ta farko, amma dukan da ya sha ya sa ya ajiye wasa a Agustan 2019 yana ɗan shekara 29, a daidai shekarun da ya kamata ƙungiyar ta fara cin moriyarsa sosai.

Abu na biyu shi ne ƙungiyoyi sun yarda da idonsu fiye da kima. Masana tattalin arziki biyu, Cade Massey da Richard Thaler, sun yi nazarin cinikin gurabe na shekaru da dama, suka nuna cewa manajoji suna biyan farashi mai yawa domin hawa sama, alhali ikonsu na bambance wanda zai yi fice da wanda ke biye da shi a matsayi ɗaya kaɗan ya fi jefa kwabo. San Francisco ɗin da Malam ya yaba ta yi amfani da gurabe uku na zagaye na farko, har da ƙarin na zagaye na uku, domin ta ɗauki Trey Lance a 2021. Wasa huɗu kacal ya fara mata, daga baya ta miƙa shi Dallas a kan gurbin zagaye na huɗu. Da ba don ƙarfin sauran 'yan wasanta da sa'ar samun Purdy ba, da wannan ciniki ya mayar da ita baya shekaru.

Saboda haka idan ni ce ke riƙe da gurbi na farko, kuma ban ga yaron da ya yi wa sauran fintinkau ba, zan sayar da gurbin ga wanda ya fi ni zumuɗi. Chicago ta yi haka a 2023. Ta ba Carolina gurbi na farko, ta karɓi DJ Moore da gurbi na tara da wani na zagaye na biyu da gurbin zagaye na farko na 2024 da na biyu na 2025. Carolina ta ɗauki Bryce Young ta kuma ƙare a ƙasan tebur, sai gurbin da ta bayar ya zama na farko a 2024, wanda Chicago ta ɗauki Caleb Williams da shi. Dabarar ma tsohuwa ce, domin da guraben da Dallas ta samu daga sayar da Herschel Walker ga Minnesota a 1989 ne Jimmy Johnson ya gina ƙungiyar da ta ɗaga kofi uku a shekarun 1990.

Game da inda za a zuba guraben, ni layi nake bi, na farmaki da na tsaro. A Super Bowl na farkon 2021 Mahomes ya buga ba tare da masu kare gefensa biyu ba, Eric Fisher da Mitchell Schwartz, ya wuni yana gudun ceton rai, Tampa Bay ta ci 31 da 9. Cikin 'yan watanni Kansas City ta sake layin baki ɗaya, ta ɗauko Joe Thuney da Orlando Brown, ta kuma zaɓi Creed Humphrey da Trey Smith. A farkon 2025 Philadelphia ta doke su 40 da 22, ta kayar da Mahomes sau shida da mutum huɗu na layin tsaro kawai, ba tare da ta riƙa ƙaro masu kai farmaki daga baya ba, wanda ya bar mutum bakwai suna tsare masu cafe ƙwallo. Babban manajan Philadelphia, Howie Roseman, ya daɗe yana zuba gurabe da kuɗi a layukan nan biyu ko da babu gurbin da ya buɗe, har ya ɗauki Jordan Mailata a zagaye na bakwai a 2018, ɗan wasan zari-ruga daga Ostireliya da bai taɓa buga wannan wasa ba, koci Jeff Stoutland ya mayar da shi ɗaya daga cikin fitattun masu kare gefen hagu. Yadi 2,005 da Saquon Barkley ya yi a guje a kakar 2024 a bayan wannan layin ya yi su, kuma shekarunsa shida a New York Giants bai taɓa kusantar wannan adadi ba.

Mai Bibiyar Wasa:

Na gode ƙwarai, Malam da Malama. Amma ku biyun kun ɗauka cewa zaɓen matasa ne tushen gini. Ina za a ajiye Los Angeles Rams, wadda na ji an ce ta yi shekaru tana rabar da gurabenta na zagaye na farko kuma ta ci kofi? Sannan idan iyakar albashi ɗaya ce ga kowa, ta yaya ta iya biyan taurari da yawa haka?

Tsohon Ɗan Kallo:

Ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne. Daga 2017 zuwa 2023 Rams ba ta ɗauki kowa a zagaye na farko ba. Babban manajanta Les Snead ya ba da gurabe biyu na zagaye na farko domin Jalen Ramsey a 2019, ya ba da wasu biyun tare da Jared Goff domin Matthew Stafford a 2021, ya ƙaro Von Miller a tsakiyar wannan kaka, suka doke Cincinnati 23 da 20 a wasan ƙarshe. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma kaka ta gaba suka ci wasa biyar suka sha kashi a 12, domin da raunuka suka shigo babu isassun masu maye gurbi. Abin da ake yawan mantawa shi ne Rams ba ta yi watsi da zaɓen ba, na saman kawai ta sayar. Tana tara gurabe masu yawa a tsakiya da ƙarshe, kuma daga nan Cooper Kupp ya fito a zagaye na uku, Puka Nacua a na biyar. Aaron Donald, wanda aka gina komai a kansa, ita ta zaɓe shi da kanta a 2014. Wannan hanya ta ƙungiyar da ta kusa kaiwa ce, ba ta wadda ka siffanta a tambayarka ba.

Batun iyakar albashi kuwa yana buƙatar bayani, domin abin da ƙungiya ta biya a shekara daban ne da abin da aka rubuta mata a littafi. Kuɗin sa hannu ana ba ɗan wasa shi a dunƙule, amma a lissafin iyaka ana raba shi daidai a kan shekarun kwantiragi, har zuwa shekara biyar. A ɗauka ɗan wasa zai karɓi albashin miliyan 21 bana. Ƙungiya za ta iya mayar da miliyan 20 daga ciki kuɗin sa hannu, ya karɓi abinsa cif, amma a littafi miliyan huɗu ne kawai za su hau kan bana, sauran 16 su bazu a shekaru huɗu masu zuwa. Idan kwantiragin bai kai shekara biyar ba, sai a liƙa masa shekarun bogi waɗanda kowa ya san ba za a buga su ba, domin kawai a samu inda za a baza lissafin. Philadelphia da New Orleans sun shahara da wannan.

Bashi ne ake ci daga gobe, kuma abin da ke sa ya yi sauƙin biya shi ne iyakar tana ƙaruwa. Ta fara da miliyan 34.6 a 1994, ta kai 224.8 a 2023, ta yi tsalle zuwa 255.4 a 2024. Miliyan huɗu na shekara biyar masu zuwa ƙaramin kaso ne idan aka gwada da miliyan huɗu na yau. Amma a 2021, saboda asarar kuɗin shiga da annobar korona ta jawo, iyakar ta sauka daga 198.2 zuwa 182.5, kuma ƙungiyoyin da suka dogara da hauhawar suka shiga sallamar mutanen da ba su so rabuwa da su ba.

Haɗari mafi girma yana zuwa ne ranar da aka sallami ɗan wasa kafin wa'adi, domin duk ragowar kuɗin da aka baza yana tattarowa ya faɗo kan littafi, a biya wa mutumin da ba ya cikin ƙungiya. Denver ta ba Seattle gurabe biyu na zagaye na farko da biyu na zagaye na biyu da 'yan wasa uku domin Russell Wilson a 2022, ta tsawaita kwantiraginsa kafin ya buga mata ko wasa ɗaya, ta sallame shi a Maris na 2024 da mataccen kuɗi na miliyan 85, wanda ta raba a kan shekara biyu. Duk da haka ta kai wasannin sili-ɗaya-ƙwale a wannan kakar, saboda ta ɗauki Bo Nix a gurbi na 12 a kan albashin sabon shiga, abin da ya ƙarfafa maganar Malam Lissafi. Cleveland kuwa ta ba da gurabe uku na zagaye na farko domin Deshaun Watson, ta kuma tabbatar masa da duka miliyan 230, ta zama ba ta da guraben da za ta gyara kuskuren, ba ta kuma da hanyar fita daga kwantiragin cikin sauƙi.

Wannan ya dawo da mu ga kwatancen da ka yi da ƙwallon Turai da farko, wato ko dukiyar mai ƙungiya tana da tasiri a nan. Tana da shi, sai dai ta bayan fage. Kuɗin sa hannu tsabar kuɗi ne da ake fitarwa nan take, kuma dokar gasar ta tanadi a ajiye kaso mai yawa na tabbatattun kuɗaɗen shekaru masu zuwa a asusu na musamman. Mai ƙungiyar da ke iya fitar da wannan kowace shekara yana kashe fiye da iyakar a zahiri, alhali littafinsa yana nan daidai.

Malam Lissafi:

Malama Gwanar Tsaro, na karɓi maganar sayar da gurbi idan babu yaron da ya cancanta, domin ban ce a ɗauki kwatabak don kawai a ce an ɗauka ba. Amma Carr misali ne na ƙungiyar da aka kafa a wannan shekarar, ta fara daga babu. Ga na kusa-kusa guda biyu. Houston ta ci wasa uku a 2022, ta ɗauki C.J. Stroud a gurbi na biyu, ta hauro ta ɗauki Will Anderson a na uku, ta ci wasa 10 ta lashe rukuninta. Washington ta ci huɗu a 2023, ta ɗauki Jayden Daniels a gurbi na biyu, ta kewaye shi da gogaggu irin su Bobby Wagner da Zach Ertz a kan gajerun kwantiragi marasa nauyi, ta ci 12 ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Tambayar ɗan'uwanmu ta ce ƙungiyar tana da sarari a kasafi, kuma kasuwar 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare tana buɗewa a Maris, zaɓen matasa kuma sai ƙarshen Afrilu. Manaja yana da makonni da zai sayi mutum biyu ko uku na tsakiyar layi kafin ya kira sunan yaron, kuma waɗannan matsayai sun fi samuwa a kasuwa fiye da mai kare gefen hagu ko mai farautar kwatabak, waɗanda ƙungiyoyi ba kasafai suke saki ba.

Gwanar Tsaro:

Malam, ka tsaya a kakar farko. A kakarsa ta biyu an kayar da Stroud sau 52, wasansa ya ja baya, kuma Houston ta shiga Maris na 2025 tana warware layin nata, har ta sayar da mai kare gefen hagunta Laremy Tunsil ga Washington, wadda ita ma ta ga cewa ba za ta ci gaba da dogara da ƙafafun Daniels ba. Caleb Williams an kayar da shi sau 68 a shekararsa ta farko, aka kori koci tun kaka ba ta ƙare ba, sannan Chicago ta je ta ɗauko Joe Thuney da Jonah Jackson da Drew Dalman domin su riƙe tsakiyar layi. Shekara ɗaya daga cikin huɗun nan masu rahusa da kake lissafawa ta riga ta tafi kafin a kawo mutanen uku.